Na'urar Da Ke Jiran Manya

Akwai wani ma'aikacin lafiya, Malam Abdulkahar, da ke shugabantar ƙaramin asibitin wani ƙauye a yankin Jahun. Mutum ne mai son manya su yaba masa. Ko tsintsiya aka aiko daga Dutse, so yake a yi mata taro.

Wata rana gwamnati ta aiko da wata na'ura mai kama da faffaɗar waya, haɗe da farantin sola na yi mata caji. Da ita masu taɓin hankali da masu fama da shaye-shaye za su ga likitan ƙwaƙwalwa su yi magana, ba sai an kai su birni ba.

Malam Abdulkahar ko ledar bai cire ba. Ya kulle komai a kabad, ya ce sai manya sun zo ƙaddamarwa.

Bayan sati biyu wata mata mai suna Maijidda ta zo da ɗanta Fa'izu, wanda ƙwaya ta taɓa. Sai waige-waige yake, wai ana bin sa.

"Likita, don Allah a haɗa shi da likitan na'urar nan," in ji ta. "Wallahi tsoro nake ji. Jiya da ƙyar aka ƙwace adda a hannunsa."

"Baiwar Allah, ba a ƙaddamar ba. So kike ɗan ƙwaya ya fasa min ita kafin manya su gani?"

Ta share hawaye da gefen hijabi. Ta ɗora ɗanta a mashin zuwa asibitin wani gari mai nisa, inda su tuni suka fara aiki da tasu.

Wata huɗu bayan nan, ana tsakiyar damina, 'yar Malam Abdulkahar, Sa'adiyya, ta zo wankan gida da jaririnta na fari. Sai ta daina barci, ta daina cin abinci. Wata safiya ta kulle kanta a ɗaki da jaririn.

"Sace shi za ku yi!" take ihu. "Duk wanda ya shigo, daga ni har shi ba za ku same mu da rai ba!"

Ta taga aka hango ta ƙanƙame shi a ƙirji, ga reza a ɗaya hannun. Hanyar Dutse kuma ruwa ya yanke ta tun shekaranjiya.

Malam Abdulkahar ya ruga asibiti ko takalmi babu. Ya yage kwalin, ya danna na'urar. Shiru. Wata huɗu ba ta ga caji ba, solar da za ta ba ta kuwa tana nan a kwalinta.

Ya dawo ya tarar maza sun ɗauko taɓarya za su ɓalle ƙofa. Kukan jaririn yana ta ƙara yin ƙasa. Ya durƙushe a gindin katanga yana salati. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai ga Maijidda ta kutso cikin taron da waya a hannu. A can asibitin da ta kai ɗanta an saka mata lambar da ake kira idan ciwon Fa'izu ya tashi. Ta kira, fuskar wata likita ta bayyana a wayar.

"Kada wanda ya taɓa ƙofar," in ji likitar. "Kowa ya fita. Mama, ɗaga ni saitin tagar."

Maijidda ta ɗaga wayar har hannunta ya sage, likitar na lallaɓa Sa'adiyya a hankali. Can kukan jaririn ya ɗauke gaba ɗaya. Malam Abdulkahar ya toshe bakinsa da hula.

Kusan awa guda, sannan aka ji ƙarar sakata. Sa'adiyya ta fito ba reza, ta miƙa wa Maijidda jaririn. Ashe barcin gajiya ne ya kwashe shi.

Likitar ta ce ciwo ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. A kwalekwale aka tsallaka da Sa'adiyya zuwa babban asibiti.

Malam Abdulkahar ya kasa ɗaga ido ya kalli Maijidda. "Ki yafe min, baiwar Allah."

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Likita. Amma ka sa ta a caji. Ba kowace uwa ke iya kai ɗanta inda na kai nawa ba."

Yau shekara guda ke nan. Gilashin na'urar duk shatin yatsu ne, har gefenta ya ɗan tsage. Manyan kuwa har yanzu ba su zo ba.

Darasi: Kayan da aka ba ka don jama'a amana ne, ba na ado ba. Kada ka wulaƙanta mai taɓin hankali ko mai fama da shaye-shaye, don ciwon nan yana iya shiga kowane gida, har naka. Ku tura wa wasu, musamman masu riƙe da makullan kabad.