Ƙarar da ke Ƙarƙashin Motar Baba

Wallahi na san ba za ku yarda da wannan ba, amma ku daure ku kai ƙarshe. Wanda ya ga ƙarya a ciki ya same ni a ƙasa mu yi ta.

Akwai wani mutum da 'yan unguwa ke kira Sannu-Sannu, saboda ko shayi aka ba shi sai ya huce kafin ya gama bisimilla. Tsohon direba ne. Mahaifinsu ya rasu ya bar wata tsohuwar a-kori-kura a bayan gida, har kaji sun mayar da ita ɗakin ƙwai.

Sannu-Sannu ya ɗaura ɗamarar tashin ta. Ya sauke inji, ya kankare tsatsa, ya mayar mata da fentinta na da. Hatta furofela, sandar nan ta ƙasa mai kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, sai da ya shafe ta da baƙin fenti tana ƙyalli, alhali ba mai ganin ta sai ƙadangare.

Ba don gayu ya yi ba. Innarsu ce idonta ya fara dushewa, ta ce burinta ɗaya: ta sake zama a gaban motar nan, a kai ta tsohuwar gonar mijinta ta gan ta kafin ganin ya ƙare.

To, yana da ƙane, Auta, mai gyaran wayar wuta. Mutum ne kyakkyawa, ga kaifin basira, makaranta ce kawai ta kasa riƙe shi. Auta ya nemi a ba shi makulli ya ɗan zaga layi, yayansa ya ce hannun da ya ƙona fankar Inna ko madubin motar nan ba zai taɓa ba.

Abin ya tsaya wa Auta a wuya. Ana gobe tafiya ya faki ido ya sulale ƙarƙashin mota, ya ɗaure furofela da igiyar robar nan da yake ɗaure wayoyi da ita, ya bar mata doguwar wutsiya. Aiki ne na gwani, ku yarda da ni.

Da safe Inna ta sha ado, ta fito da sandarta. Sannu-Sannu ya ce bari ya ɗan gwada motar tukuna. Yana fita sai kas-kas-kas daga ƙasa, yana ƙara gudu tana ƙara kiɗa. Ya dawo ya kashe inji.

"Inna, a yi haƙuri. Ba zan ɗauke ki a motar da ban san abin da take faɗa ba."

Tsohuwa ta cire mayafinta ta ninke, ta koma ɗaki tana laluben bango. Dariyar da Auta ya tara sai ta ƙi fitowa.

Da yayansa ya tafi aron jak na ɗaga mota, Auta ya koma ƙasa ya datse igiyar. Sannan ya tare shi da fara'a, ya ce ai ya riga ya ɗan duba motar da ilimin da Allah ya ba shi, a sake gwadawa.

Suka hau tare. Kas-kas ta tafi. Auta har ya fara karɓar godiyar da ba a yi masa ba, sai Sannu-Sannu ya ɗaga masa hannu. Kunnensa ya riga ya buɗe. Duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur, sai a ji wani ɗan "gum" can ƙasa, kamar an rufe ƙofa a gidan maƙwabta.

Auta ya rantse babu komai, ya ce shi ya tabbata motar lafiyarta ƙalau.

"Ya aka yi ka tabbata?" in ji yayansa.

Auta ya kama kallon taga.

Daga nan Sannu-Sannu ya shiga farauta. Ya tsayar da mota ya ba inji wuta, shiru, ya ce to ba inji ba ne. Ya sha kwana dama da hagu, ƙarar ba ta sauya ba, ya ce to ba boris ba ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Ya duba man giya, ya duba na akwatin da ke tsakanin tayoyin baya, ba ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Maƙwabta suka ce tsohuwar mota ai dole ta yi tari. Wani bakanike ya ce ya kunna rediyo kawai ya huta. Matar Sannu-Sannu ta gaji da ɗumama abinci. Shi kuwa amsarsa ɗaya: ƙara ba ta zuwa haka nan, wani abu ne ke yin ta.

Kwanaki suka tafi, Inna kullum sai ta tambaya ko yau ne.

A ƙarshe ya ɗaga bayan motar, ya tokare ta da katako, ya kwanta ya kama furofela da hannu biyu ya murɗa. Sai ta yi ɗan wasa, ƙwal. Kuros ne, mahaɗar da ke ƙarshen sandar. Da ya kwance shi, 'yan ƙarafan ciki sun zama garin tsatsa. Bakaniken nan mai rediyo ya gani ya yi salati, ya ce da an hau hanyar gona da shi, sandar na iya tsinkewa ta caki ƙasa, da tsohuwa a gaba.

Sai dai ba kuros kaɗai ya fito da shi ba. A jikin baƙin fentin nan ya ga wani zobe da ya goge fes, a kan ƙarfen gefe kuma ga guntun igiyar roba ya maƙale. Kore shar. Duk unguwar mutum ɗaya ne ke alfaharin cewa shi kaɗai ke aiki da kore, don a gane aikinsa daga nesa.

Sannu-Sannu ya ajiye guntun a tafin hannun Inna, ya kira Auta.

Nan fa na miƙe, wato Auta ya miƙe, ya kare kansa kamar lauya. Ya ce ba don igiyarsa ba wa zai kasa kunne? Shi ne ya ceci ran Inna, godiya ta kamata a yi masa, ko a ba shi makulli.

Inna ta jujjuya guntun a yatsunta.

"Autana, kai dariya ka nema, shi ya nemo cutar. Za ka je gona, amma a baya."

Haka aka yi. Auta ne ya kwanta ya matsa man giris a sabon kuros, yana ɗiga masa a fuska. Ranar tafiya aka ɗora shi a baya tare da buhunan taki, kowane rami sai ya gaisa da ƙashin bayansa. Ta gilashin baya ya hango Inna ta ɗora tafinta a gaban motar, ta rufe ido tana saurare.

Ta taga ya ji muryarta: "Haka take tafiya a hannun babanku. Ba ta cewa komai."

Wankin motar kuma an yanke masa duk mako har sai Inna ta ce ya isa. Ni dai labari aka ba ni. Wanda ya gan ni ina ɗingishi ko da baƙin mai a farce, ya kama gabansa.

Darasi: In wani abu ya yi maka ƙara a rayuwa, kada ka rufe shi da rediyo, bi shi har ka kama shi da hannunka. Kuma kafin ka yi wasa, duba wa zai ninke mayafi ya koma ɗaki. Ku tura wa masu haƙurin gidanku, ku tura wa autocinku sau biyu.