Gafiya Mai Share Gona da Kwaɗon Fadama

Ku matso, ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na gare ki.

Gafiya ce ke da gona a kan tudu. Kwaɗo kuma yana noman shinkafa a fadama, ƙasa da ita. Gafiya akwai son tsafta. Da an gama girbi sai ta tattara kara da ganye ta cinna musu wuta, ta share gonar fes kamar tsakar gida.

Da ruwa ya sauka, sai ya kwashe baƙar ƙasa mai taki daga gonar Gafiya ya gangara da ita fadama. Shinkafar Kwaɗo ta yi kyau. Sai ya hau tudu ya ce, "Yaya Gafiya, ban taɓa ganin gona mai kyan taki ba. Ki ƙara sharewa!"

Ta ji daɗi, ta ƙara. Damina ta biyu dawarta ta fito sirara, rumbun Kwaɗo kuwa ya cika har baki.

Damina ta uku baƙar ƙasa ta ƙare. Sai ruwa ya kwaso yashi da tsakuwa ya binne shinkafar Kwaɗo kaf. Ya hau tudu yana haki, ya tarar da Gafiya zaune bakin rami a tsakiyar gonarta, ta yi tagumi.

Ta ce, "Ƙanena, me zan ba 'ya'yana bana?"

Ya ce, "Yaya, ajiye tsintsiyar nan. Karan da kike ƙonawa, in ya ruɓe, shi ne baƙin ƙasa, shi ne ƙarfinta."

Ta harare shi. "Ba kai ka ce in ƙara ba?"

Ya ce, "A bar tone-tone, ga hadari can."

Sai suka jera duwatsu a gicciye a gonar Gafiya. Suka dasa gamba a bayansu. Suka bar kara ya kwanta ya rufe ƙasa. Ruwa ya zo da gudu, ya ci karo da dutse, ya tsaya, ya nutse.

A hankali ƙasa ta sake yin baƙi. Dawa ta yi kai, shinkafa ta yi zangarniya. Gida biyu suka ci suka ƙoshi, har da baƙi.

To kun ji, duk wanda ya tsiraita ƙasa, da shi da maƙwabcinsa za su kwana da yunwa.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙadangare, kowa ya tashi ya kakkaɓe zanensa.