Ƙugiyar Kesawa Marar Tsini

An yi wani sarki a ƙasar Hindu, Arunasena, jikan Kesawa mai kiwon giwaye, wanda ya kafa daular. Al'adar gidan kuwa, duk wanda zai hau gadon sarauta sai a miƙa masa ƙugiyar da Kesawa yake kora giwa da ita, ga ta dakusasshiya, ko gwanda ba ta hudawa.

Ana nan sai mutanen Tamrapura, wani gari a ƙasarsa, suka ƙi aiko da mazajensu aikin ginin fada, domin damina ce, shinkafa ba ta jira. Sarki ya hasala, ya kira wazirinsa Somadatta, tsoho mutumin Tamrapura, wanda ya yi wa sarakuna uku hidima.

Ya ce, "Waziri, ka faɗa mini hikimar riƙe ƙarfen da ba ya huda, in ba haka ba a wasa shi yau, gobe runduna ta ƙone Tamrapura."

Somadatta kuwa, 'yarsa da jikokinsa duk suna can. Ya karɓi ƙugiyar, ya shafa bakinta, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gabana aka dakushe ta. Ranar da kakanka ya zo ƙetare kogi don cin birnin nan, giwarsa Padma ta tsaya cik a gaɓa, ya soke ta bayan kunne har jini ya zuba, ashe turɓaya mai haɗiye mutum ta sansano. Da jinin nan nata ta zagaya da shi wani mashigi, ta fid da shi lafiya. Kafin ya shiga fada sai da ya durƙusa ya goge tsinin nan a dutse yana kuka, ya ce wanda yake ɗauke da kai, in ya tsaya, tambayarsa ake yi."

Sarki ya dubi ƙugiyar. Can ya ce, "To Baba, ni ban tambaye su ba."

Ya yafa wa Somadatta mayafinsa, ya tura shi Tamrapura, ba da runduna ba, da tambaya da kuma irin shuka. Da aka gama girbi mutanen garin suka zo aikin da ƙafarsu, jikokin waziri a gaba.

Masu hikima sun ce, adalin sarki yakan ji uzurin talaka tun kafin ya wasa ƙarfe.