Mutumin da Ya Ɗora wa Uwarsa Tagulla a Ka

Ya 'yan uwa, a nan Legas an yi wani mutum, ba zan faɗi sunansa ba, don shi da 'ya'yansa suna raye. Allah ya ba shi dukiya, ya kuma jarrabe shi da son mutum-mutumin tagulla, irin na masu sassaƙar zamani: mace mai wuya zaƙaƙam, namiji ba ido ba baki. Duk inda aka buɗe gwanjo yana sahun gaba. In ya fara tayi, hannunsa ba ya sauka sai an buga guduma an sallama masa.

Mahaifiyarsa, Alhaja Sidikatu, tana tare da shi a gidansa na Ikoyi. Ita ce ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a bakin tasha har ya zama mutum. Ɗakinta yana saman bene, ya fi kowane ɗaki faɗi da sanyi.

To kun san iskar garin nan, gishirin teku ne zalla. Tagullar ta fara yin kore-kore. Aka ce masa sai an ajiye ta a sama, inda babu laima. Ya dubi gidan kaf, idonsa bai sauka ko'ina ba sai ɗakin tsohuwa. Ya sauko da tsohuwar ɗakin da ke ƙarƙashin nata, mai warin danshi. Aka kawo injin ɗaga kaya, aka fasa taga, aka dinga zura gumakan nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi saniya nauyi.

Ƙanwarsa Morenike ta yi masa magana, ya ce ita me ta sani ban da kasuwar atamfa.

Bai daina saye ba. Rufin ɗakin da aka mayar da tsohuwa ya tsage. Rannan ta kira shi, ta nuna masa kwanonta na amala, tuwon garin doya.

"Ɗana, garin siminti na zubo min a amala. In na kishingiɗa ina jin saman nan yana ƙara. Tsoro nake ji."

"Maami, tsufa ne ke sa ki jin abubuwa. Gobe za a gyara."

Aka gyara ɗin: ya sa aka shafe tsagar da fenti. Ya ga tsagar da idonsa fa, jama'a. Amma sauko da tagulla yana nufin ta lalace, mayar da tsohuwa wani gida kuma mutane za su yi da shi. Sai ya zaɓi fenti.

Ya sayo wata ƙatuwa, siffar uwa rungume da ɗanta, aka haura da ita. Wai har hawaye ya yi da ya gan ta. Kun ji ƙarfin hali?

Ranar wata Asabar da hantsi yana zauren gwanjo, Alhaja tana kan dardumarta tana lazimi, rufin ya rufto. Sai da aka kira injin nan dai kafin aka ɗaga abin da ya danne ta. Matan da suka zo wanka suka fito suna kuka, suka ce babu abin da za a wanke. Tagullar kuwa ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Tun ranar bai ƙara iya zama ƙarƙashin rufi ba. Da ya shiga ɗaki sai ya ɗaga kai, ya fito da gudu. Harkokinsa suka watse, iyalinsa suka tafi. Ko masallaci ba ya iya shiga ya nemi gafara cikin jam'i. Yana nan a fili, rana da ruwa a kansa, yana ce wa masu wucewa su matsa, sama za ta faɗo.

Ya 'yan uwa, ba jahilci ne ya kashe matar nan ba. Ta faɗa, ya ji, ya gani. Abin da yake so ne ya fi ta daraja a zuciyarsa. Kai da ka ce ba ka da tagulla, wane ɗaki ka ajiye mahaifiyarka? Yaushe ta kawo maka kuka ka ce mata tsufa ne? Tashi ka je yau, tun tana iya amsa sallamarka.

Allah ya jiƙan Alhaja Sidikatu. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da fifita abin hannunmu a kan iyayenmu. Amin.