Tirelar Maigida da Hutun Idrisu

Akwai wani direba a Riyad mai suna Idrisu, mutumin Gusau. Kun san irin mutanen nan da ko shayi suke jira sai sun yi ta kaɗa ƙafa? To shi ne. A makon nan kuwa abin ya ƙaru, don hutunsa ya fito, jirginsa ranar Lahadi. Zai je ya ga 'yarsa Zaituna, wadda aka haifa bayan tahowarsa, har ta fara gudu bai taɓa ɗaukarta ba.

Aiki ɗaya ya rage masa. Kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, Abu Nawaf, zai fita da iyali cikin sahara ranar Alhamis. Yana da tirelar kwana mai gado da kicin, irin wadda goshinta ke hawa bayan a-kori-kura, a maƙala shi a wani farantin ƙarfe. Sai maigida ya sayi sabuwar mota da ta fi tsohuwar tsayi. Da aka haɗa su, tirela ta ɗaga gaba, bayanta ya kusa shafar ƙasa.

"Kai ta a daidaita, ya Idris," in ji Abu Nawaf.

Idrisu ya ja ta zuwa garejin Salissou, wani mai walda ɗan Damagaram. Salissou ya zagaya, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi. Idrisu ya duba waya, ya mayar aljihu, ya sake fiddowa.

"Tirelar za mu ɗaga," in ji Salissou. "A sa ƙarfe tsakanin jikinta da sifirin, a yi walda. Gobe ka wuni nan da motar, don sai ina gwadawa ina aunawa."

"Gobe? Haba ɗan'uwa, goben nan kaɗai gare ni. Ko tsinke ban saya na tsaraba ba. Ba sai a sauke farantin kawai ba? Gaba ya yi ƙasa, shi ke nan."

"Za ta miƙe a ido. Amma dubi nan." Salissou ya zura hannu tsakanin goshin tirela da gefen motar. "Wannan sararin shi ne numfashinta. Ka cinye shi, ranar da kuka faɗa kwari za su haɗu."

"Ku 'yan Nijar komai sai kun ja shi kamar dahuwar ganda."

"Ku kuma ku ci ɗanye," in ji Salissou yana dariya. "Ni dai ba da hannuna ba."

Idrisu ya koma gida zuciyarsa na kasuwar Batha. Ya ɗauko sifana, ya kwance kusoshi, ya sauke farantin har ramin ƙarshe. Tirela ta miƙe sak, gwanin sha'awa. Sararin da ya rage ko yatsu uku ba za su shiga ba. Ya gani sarai, ya kawar da kai.

Washegari ya wuni a Batha, daga wannan shago zuwa wancan. Ya sayi abaya da turare na matarsa Bilƙisu, ya sayi wasu jajayen takalma masu ƙyalli na Zaituna. Amma ko a cikin hayaniyar kasuwa, sararin nan yana ta faɗo masa a rai.

Ranar Alhamis a kan kwalta lafiya lau, har Abu Nawaf ya yaba. Da suka sauka cikin rairayi, motar ta gangara wani ɗan kwari ta fara hawa. Sai ƙara. Goshin tirela ya danne gefen sabuwar mota ya lanƙwasa shi, goshin ma ya tsage. Yaran maigida suka fashe da kuka a baya.

Abu Nawaf ya fito ya daɗe yana kallo. "Wane gareji ya yi wannan?"

Idrisu ya ce, "Ni ne, maigida. Mai garejin ya hana ni."

Mutumin bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi babu tafiya sai mota da tirela sun koma yadda suke. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da gidan ba ya sakin direba. Hutu sai bayan salla.

Ranar Lahadi Idrisu na durƙushe a garejin Salissou yana riƙe masa ƙarfe, aikin nan dai da ya ƙi tsayawa a yi. Salissou bai ce masa "na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Waya ta yi ƙara, Bilƙisu ce. Ta ce ta rasa yadda za ta yi da yarinya, duk jirgin da ya wuce sai ta fita tsakar gida da lallen da aka yi mata na tarbarsa tana kiran Baba.

Takalman suna nan cikin jaka, kuma ƙafar yaro ba ta jira. Kafin salla sun yi mata kaɗan.

Darasi: Gyaran da ka yi don ido ya gani, hanya za ta tona shi. Idan wanda ya san aiki ya ce ka ba shi wuni guda, ka ba shi, kada garin ceton wuni ka rasa watanni. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa da kuka san ba ya iya zama wuri ɗaya.