Tulunan Waziri da Kwandon Mai Fito

An ruwaito a wani tsohon littafi da na gada wurin kakana, wanda gara ta riga ni karanta rabinsa, cewa an yi wani sarki a ƙasar Dunguru ana ce masa Haliru. Ƙasar nan faɗi gare ta, mutum yakan kwana goma yana tafiya bai fita cikinta ba. Hanyoyin zuwa garuruwanta na nesa uku ne: ta raƙuma, da ta jakuna da masu ƙafa, sai kuma kogi, inda jirgin sarki guda ɗaya tal yake fito.

Wata rana sarki ya kira wazirinsa Ilyasu, ya ce, "Waziri, ƙarfinmu na aiki ɗaya ne. Ko mu haƙa rijiyoyi a hanyar raƙuma, ko mu share ta jakuna, ko mu sassaƙa jirage. Ka gano mini inda jama'ata suka fi bukatar tafiya. Hanyar da ta zo ƙarshe kuwa, za mu janye hannu daga gare ta."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an gama."

Waziri Ilyasu mutum ne mai gaskiya, sai dai irin mutanen nan ne da in ba su ga abu da ido ba, to, ba shi a duniya. Ya sa aka ajiye tulu a bakin kowace hanya, duk matafiyin da ya wuce a jefa masa tsakuwa ɗaya. Aka yi haka shekara guda cur, damina da rani. Da aka kawo tulunan fada, na raƙuma ya cika har wuya, na jakuna ya wuce rabi. Na kogi kuwa, abin tausayi, da ƙyar tsakuwa ta rufe gindinsa. Sarki ya ce a jawo jirgin tudu, a rufe mashigin.

Labari ya kai ga mai fito, wani tsoho ana kiransa Cindo, wanda ya shekara arba'in yana tuƙin jirgin nan. Ya ɗauko wani ƙaton kwando a ka, ya zo fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo jayayya da tulu ba. Waziri bai ƙara ba, bai rage ba. Amma in an yarda mini, zan ba da labarin wadda ba ta cikin tulun."

Sarki ya ce, "Muna ji, dattijo."

Cindo ya ce, "Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, sunanta Tabawa. Ƙanenta guda ɗaya da ya rage mata a duniya yana Gwaramba, kwana biyar ta ruwa, kwana goma sha biyu ta tudu. Bara aka aiko mata ba shi da lafiya. Ƙafarta ba ta iya dajin, ga ta ba ta da jaki. Ta zo mashigi da ƙunshinta, ta tarar jirgi ya cika, don mutum goma yake ɗauka, kuma sai ya je ya dawo. Ta sake zuwa, ya cika. A zuwa na uku na ce mata, 'Iya, wallahi in na ƙara ko kaza za mu nutse.' Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Sai ta miƙa wa wani matafiyi sassaƙen magani, ta ce ya kai mata sallahu. Da jirgi ya sake tashi, ta'aziyya ta ba da a kai wa 'ya'yan ƙanen. Sau huɗu ke nan ta taka bakin ruwa, ranka ya daɗe, ko tsakuwa ɗaya ba a jefa mata ba."

Cindo ya zazzage kwandon a gaban sarki. Ga daddawa, ga zanen goyo, ga goron ɗaurin aure, ga takalman yaro da aka auna da kara. Ya ce, "Wannan sallahun tashi ɗaya ne. Kowane ƙunshi mutum ne da ya so tafiya, wuri bai samu ba."

Kunya ta kama Waziri, amma bai kare kansa ba, kuma a nan ne ya burge ni. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ƙirga waɗanda suka tafi, na manta da waɗanda suka juya gida. A ba ni wata uku."

Sai ya sake lale. Kowane matafiyi, a kowace hanya, aka riƙa tambayarsa sallahun mutum nawa ya ɗauko, kuma da yana da zaɓi wace hanya zai bi. Aka ga mai raƙumi da wuya ya ɗauko na mutum biyu, mai shiga jirgi kuwa yakan ɗauko na goma. Masu ƙafa ma, rabinsu suka ce rashin wuri a jirgi ne ya jefa su daji.

Sarki ya sa aka sassaƙa jirage goma sha biyu, ya naɗa Cindo shugabansu, ya bar Waziri a kan muƙaminsa, har ya ƙara masa girma. Ranar tashin farko, Cindo ya je da kansa gidan Tabawa, yana murna, ya ce, "Iya, wurin farko naki ne."

Ta dube shi, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Cindo. Amma wa zan je gani? Ka ba maƙwabciyata, ita uwarta tana da rai."

Mai littafin ya rufe da cewa, duk shugaban da zai auna bukatar jama'arsa, kada ya tsaya ga waɗanda suka wuce ta gabansa. Ya tambayi waɗanda suka zo suka juya, kuma ya yi sauri, tun suna da wanda za su je gani. Iyakar abin da gara ta bar mini ke nan.