Barmo da Magimfar Tafki

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari na bakin tafki, tun zamanin da ya shuɗe. Sunansa Barmo, masunci ne, talaka tilis. Halinsa ɗaya da kowa ya sani: in ya ɗago koma ya ga ƙaramin kifi, sai ya mayar da shi ruwa ya ce, "Je ka girma."

Wata shekara damina ta yi gardama, rumbuna suka yi ƙasa. Sai Sarkin Ruwa, wanda aka damƙa wa amanar tafkin, ya tara masunta ya ce a daka magimfa a zuba. Magimfa, in ba ku sani ba, ganye ne mai sa kifi ya bugu ya taso sama, babba da ƙarami, har mai ƙwai a ciki. Ku saurara da kyau: mai tsaron ruwa ne ya ce a kashe ruwa!

Barmo ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun cinye na bana da na baɗi a rana ɗaya, baɗi mu ci me?"

Sarkin Ruwa ya ce, "Kai ka ga baɗi? Wanda bai daka ba, ba shi da rabo."

Aka yi masa dariya. Turame suka ɗauki ƙara, Barmo bai daka ba. Tulu ya ɗauka, ya shiga gefen ciyawa yana kwasar 'ya'yan kifi, yana kai su wani kududdufi a bayan gonarsa. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har aka zuba gubar, ruwa ya yi fari fat da cikin kifi.

Gari ya ɗauki ƙamshin banda. Kowane gida hayaƙi, ban da gidan Barmo. Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, yaran nan ƙamshin maƙwabta suke haɗiya. Ga kifi a kududdufinka, ko na miya ba za ka kamo ba?"

Idonsa ya cika da hawaye. Ya ce, "Yi haƙuri, Tabawa. Ba nawa ba ne, ajiya ce." Suka ci tafasa da rama har rani ya wuce, yana jan ruwan rijiya yana ƙara wa kududdufin don kada ya ƙafe.

Banda ta ƙare, jama'a, ai banda ƙarewa take yi. Damina ta dawo, tafki ya cika maƙil, aka jefa koma ta fito wayam. Aka sake jefawa, wayam. Ko tsuntsu ya daina sauka. Sai ga Sarkin Ruwa a ƙofar Barmo, kai a sunkuye, ya kasa haɗa ido da shi.

Da ni ne, wallahi sai na faɗa masa magana! Amma bawan Allahn nan tulunsa kawai ya ɗauko ya ce, "A zo a taya ni, mu mayar da kifayen kududdufi gidansu."

To, ku fa? Haushi nake ji, kuma zan faɗa. Su yunwa ce ta kai su, ku me ya kai ku? Maganin feshin gona kuke tuttulawa a rafin da 'ya'yanku ke sha. Gidan sauron da aka ba matanku, shi kuke ja a ruwa, kuna kwashe kifin da bai kai ɗan yatsa ba, sannan ku zo sahun gaba kuna roƙon albarka. Ruwa amana ne, wanda ya cinye rabon na baya kuwa azzalumi ne, zai amsa a gaban Allah. Mutanen can sun sami Barmo guda ɗaya ya rufa musu asiri. Ku dubi na damanku, ku dubi na hagunku. Ranar da rafin nan ya mutu, ƙofar wa za mu je?